Muhawara: Robar da ba ta da kiristal, ta samu matabbata ne ko maƙalewa ta yi?

Abu Yusra, Ojota:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina da tambaya ga malamanmu na kimiyya da injiniyoyin da ke wannan zaure. Sana'ata ita ce sayen gorunan ruwa da na lemo daga hannun 'yan bola da ke tsince-tsince a Olusosun da kewayenta, in wanke, in ɓarza, in sayar wa masu narkarwa. Gorar nan da ake buga wa lamba 1 a gindi garau take, haka ma ɓarzonta. Amma da zarar an zuba ɓarzon a injin busarwa aka ƙara wuta, da farko sai ya yi danƙo ya manne da juna, daga baya kuma ya koma fari fat ya yi tauri, alhali babu wanda ya zuba masa kala. Mene ne ya sauya a cikinsa? Tambaya ta biyu kuma, kullum ana faɗa mana a rediyo cewa roba takan daɗe ƙwarai ba ta ruɓe ba, shi ya sa take toshe magudanan ruwan Legas, amma kujerar roba da aka bari a rana ba ta jimawa take koɗewa ta fashe. Yaya za a daidaita maganganun nan biyu?

Ɗan Akoka:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Bari in faɗi gwargwadon abin da muka karanta, manya su gyara. Abin da muke kira roba a kimiyyance polima ce, wato dogayen sarƙoƙi na ƙananan tubala iri ɗaya da aka ƙulla ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaruruwa ko dubbai. Bajamushen nan Hermann Staudinger ne ya kafe a kan wannan ra'ayi tun 1920, lokacin da yawancin masana ke ganin irin waɗannan abubuwa tarin ƙananan ƙwayoyi ne kawai da suka cure wuri ɗaya, kuma sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel. Sarƙoƙin nan ko dai su jeru gefe da gefe cikin tsari mai maimaita kansa, abin da ake kira kiristal, ko kuma su cukurkuɗe babu jeri. Robar gorarka, PET, tana iya yin duka biyun. Tana narkewa a wajen digiri 250 zuwa 260 na ma'aunin Selshiyas, kuma idan aka sanyaya ta da gaggawa sarƙoƙin ba sa samun sararin jeruwa, sai su daskare a cukurkuɗe, haske kuma ya ratsa ta kai tsaye domin ko'ina a jikinta iri ɗaya ne. Idan aka sake ɗumama ta sarƙoƙin suna samun motsi su fara jeruwa, dunƙulen kiristal su tsiro, kuma idan girmansu ya kai tsawon zangon haske, wato wajen rabin maikiromita (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), sai su riƙa warwatsa hasken ta kowane ɓangare. Farin da kake gani ke nan. Ni dai fahimtata ita ce, robar da ba ta da kiristal ba ta da wani tsari ko kaɗan, kuma a ilimin zafi da makamashi ba tabbatacciya ba ce, jira kawai take yi.

Injiniyan Ikeja:

Ƙanena, bayaninka a kan farin ya yi, jimlarka ta ƙarshe ce ban yarda da ita ba. Aikina kullum shi ne fitar da bututun PVC, kuma PVC kusan gaba ɗayanta marar kiristal ce, domin abin da ke cikinta na kiristal bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. Duk da haka ana ƙera bututun ruwa ne bisa lissafin cewa zai yi shekara 50 a binne yana ɗauke da matsin ruwa. Abin da zai yi rabin ƙarni a ƙasa mai danshi irin ta Legas, ban ga yadda za a ce ba tabbatacce ba ne.

Alhaji Abu Yusra, ga abin da ya shafi aikinka kai tsaye. PET tana fara laushi a tsakanin digiri 70 da 80, wurin da muke rubuta wa Tg, wato zafin da roba ke fita daga sandarewa. Idan ka lura, ba dukkan ɓarzon ne ke mannewa daidai ba, na wuya da na tsakiyar gindin gora su suka fi. Dalili shi ne jikin gorar an miƙar da shi lokacin da ake hura ta, miƙewar kuma ta riga ta jera wani ɓangare na sarƙoƙin zuwa kiristal ƙanana ƙwarai waɗanda ba su isa su tare haske ba, amma wuyan yana nan yadda ya fito daga mazubi. Shi ya sa manyan masu narkarwa ke fara bi da ɓarzon ta injin da ke jujjuya shi a kan digiri 130 zuwa 150 ko makamancin haka har ya yi fari, sannan su kai shi busarwa a digiri 160 zuwa 180 na wasu awoyi. Da gangan ake neman farin nan, domin ɓarzon da ya yi kiristal ba ya mannewa. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne danshi. PET tana shan ruwa daga iska, iskar Legas kuwa ba sai an faɗa ba, kuma idan aka narkar da ita da ruwa a jikinta ruwan yakan yanyanka sarƙoƙin, kayan da za su fito su zama masu saurin karyewa.

Ummu Khalil:

Assalamu alaikum. Ina ganin Injiniya da ɗalibinmu tambayoyi biyu daban-daban suke amsawa, shi ya sa maganarsu ba ta haɗu ba. Ilimin zafi da makamashi yana da ma'auni wanda Ba'amurken nan Josiah Willard Gibbs ya shimfiɗa a shekarun 1870, ana rubuta shi G = H − TS. H shi ne makamashin da ke ƙunshe a abu, wanda ke raguwa idan ƙwayoyi suka matso kusa suka riƙe juna da kyau. S ita ce entrofi, ma'aunin yawan hanyoyin da ƙwayoyin za su iya zama. T kuma shi ne zafi. Yanayin da G ɗinsa ya fi ƙanƙanta shi ne matabbata. A zafi mai yawa TS ne ke rinjaye, don haka narkakken ruwa mai cukurkuɗaɗɗun sarƙoƙi ya fi, ƙasa da zafin narkewa kuma H ne ke rinjaye, kiristal ya fi. Sai dai babu lokaci a cikin lissafin Gibbs. Yana faɗin inda abu ya dosa, amma ba ya faɗin ranar isa. A zafin ɗaki, garafait, baƙin abin nan da ke cikin fensir, shi ne matabbatar kabon, daimon, wanda shi ma kabon ne, G ɗinsa ya ɗan fi na garafait, amma babu mai sayar da daimon da ke fargabar ya wayi gari da fensir a akwatinsa.

Abin da ke faruwa a Tg ya yi kama da gosulo a hanyar Apapa zuwa Oshodi da yamma. Kowane direba ya san inda ya nufa kuma babu wanda ya zaɓi tsayawa a nan, amma kafin mota ɗaya ta motsa sai na kusa da ita sun matsa, su ma kowace tana jiran wasu. Yayin da narkakkiyar roba ke hucewa tana tsukewa, gurbin da ke tsakanin sarƙoƙi yana raguwa, lokacin da gaɓar sarƙa ke buƙata kafin ta juya kuma yana ninkuwa da sauri, har a kai inda motsin ba ya iya bin saurin sanyayawar. A nan take sandarewa. Hujjar cewa al'amarin na lokaci ne ita ce Tg ba ya tsayawa a lamba ɗaya yadda narkewar ƙanƙara ke tsayawa a digiri 0: idan aka ninka saurin sanyayawa sau goma, Tg yakan hau da kusan digiri 3. Lissafin Williams, Landel da Ferry na 1955 shi ne wanda aka fi amfani da shi wajen bin wannan ninkuwar. Bututun Injiniya yana aiki ne a ƙasa da Tg ɗinsa, wanda ke wajen digiri 80, da tazarar digiri 50 ko kusa da haka, don haka ya maƙale sosai, kuma maƙalewar ce ake sayarwa.

Amma ƙanena, cewa ba ta da tsari ko kaɗan ya yi yawa. Tsawon haɗin kabon da kabon nanomita 0.154 ne ko a kiristal ko a wajensa, kusurwar haɗin ba ta sauyawa, maƙwabta na kusa kuma suna da tazara sananniya, shi ya sa idan aka haska ta da hasken eksire (X-ray) take ba da faffaɗan zobe mai dishi-dishi maimakon layuka masu kaifi irin na kiristal. Tsari mai nisan zango ne kawai babu. Ita kanta sarƙa guda tana da siffa da ake iya lissafawa. Paul Flory ya faɗa tun 1949 cewa a cikin tarin 'yan'uwanta sarƙa tana naɗewa ne irin naɗin da babu zaɓi a ciki, ta yadda nisan da ke tsakanin bakinta biyu yana ƙaruwa ne da tushen murabba'i na yawan gaɓoɓinta: sarƙa mai gaɓa 10,000 da ke juyawa yadda suka ga dama, nisan bakinta biyu tsawon gaɓa 100 ne kawai. An tabbatar da haka a farkon shekarun 1970 da gwajin niyutiron, inda aka yi wa wasu sarƙoƙi alama ta hanyar sauya haidirojin ɗinsu da diyuteriyam, wato haidirojin mai nauyi, aka kuma ba Flory kyautar Nobel a 1974. Ma'anar wannan ita ce mafi yawan filin da kowace sarƙa ta mamaye wasu sarƙoƙi ne a ciki, duk sun sarƙe da juna, kuma daga wannan sarƙewar ƙarfin robar ke fitowa. Idan tsawon sarƙa ya wuce wani mataki, ninka shi sau biyu yana ninka kaurin narkakkiyar robar kusan sau goma, abin da Bafaranshen nan Pierre-Gilles de Gennes ya yi wa bayani a 1971 da cewa sarƙar ba ta da hanyar fita sai ta ja ciki ta bi tsawon kanta. Wannan ne ya sa ɗan danshin da Injiniya ya ambata yake yin babbar ɓarna, domin yanka kaɗan ya isa ya rage sarƙewar.

Ɗan Akoka:

Na gode, Malama, Allah ya ƙara sani. Amma ke nan a kan babbar maganar ni ke da gaskiya. Idan ƙasa da zafin narkewa kiristal ne mai ƙaramin G, to kowace roba marar kiristal can ta nufa, bambancin kawai shi ne wata za ta isa a awa ɗaya a injin Alhaji, wata kuma sai bayan shekaru miliyan.

Ummu Khalil:

A kan PET haka ne, amma kalmar "kowace" ba ta shiga ba. Ɗauki polistarin, mai lamba 6, wadda ake hura wa iska a yi robar takawe da gwamnatin jihar Legas ta haramta a watan Janairun 2024. A jikin sarƙarta akwai manyan zobba na benzin da ke rataye, kuma a irin da ake sayarwa a kasuwa zobban sun faɗa dama da hagu ba bisa ƙa'ida ba tun lokacin da ake ƙulla sarƙar. Wannan rashin ƙa'ida yana cikin haɗin sinadarin kansa, juyin sarƙa ba ya gyara shi, don haka babu kiristal ɗin da za ta nufa ko da an ba ta duk lokacin duniya. Sai da Karl Ziegler da Giulio Natta suka samar da sinadaran da ke sarrafa yadda kowane tubali ke shiga sarƙa a shekarun 1950, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 1963, sannan aka samu polifirofilin mai jeruwa wadda take da amfani, da kuma polistarin mai yin kiristal.

To ina polistarin ta kasuwa ta nufa? Ta nufi yanayi marar jeri wanda ya fi tsukewa fiye da wanda ta sandare a kai, wato inda da ta kai idan da an sanyaya ta a hankali ƙwarai. Tana tafiya can kaɗan-kaɗan: girmanta yana raguwa, tana ƙara tauri, tana rage juriyar bugu, tafiyar kuma tana ƙara jinkiri yayin da gurbin ke ƙara tsukewa. Ana kiran wannan tsufan tsari, kuma wani masani ɗan ƙasar Holan, Struik, shi ne ya tattara bayaninsa a 1978. Babu haɗin sinadari ko ɗaya da ke karyewa a cikinsa, shaidar kuwa ita ce idan aka ɗumama robar ta wuce Tg aka sake sanyaya ta, tsufan ya goge gaba ɗaya. Saurinsa ya dogara ne da kusancin zafin wuri da Tg. Robar polikabonet mai Tg wajen digiri 145 ba ta damu da zafin Legas ba, amma PET da aka jibge a sito mai rufin kwano, ko aka bari a mota a rufe da tsakar rana, tana tsufa da sauri fiye da wadda ke inuwa.

Injiniyan Ikeja:

Malama, ban musa tsufan tsari ba, muna ganinsa, kuma saboda irinsa ne ake gwada bututu a ƙarƙashin matsi na dubban awoyi kafin a yanke masa shekaru. Amma a gaskiya ba shi ne ke karya kujerar Alhaji ba, kuma ba na so a tafi da wannan fahimtar. Kujerar nan polifirofilin ce, mai lamba 5, wadda wani ɓangarenta kiristal ne wani kuma ba kiristal ba. A sarƙarta, kowane kabon na biyu yana riƙe da reshe, kuma haidirojin da ke kan wannan kabon ɗin yana da sauƙin cirewa. Hasken ultrabayolet na rana shi ke fara aikin, iskar oksijin ta shiga, sai sarƙar ta tsinke. Abin lura shi ne oksijin ba ta iya kutsawa cikin kiristal, ta ɓangaren da ba shi da jeri take bi, kuma a nan ne sarƙoƙin da ke ɗaure kiristal ɗaya da wani suke. Da sun tsinke sai fuskar kujerar ta yi gari-gari, ta tsattsage, tsagar kuma ta ratsa ciki ranar da mai nauyi ya zauna. Shi ya sa tankunan ruwa da ke kan rufin gidaje yawanci baƙaƙe ne, ana zuba garin baƙin kabon wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ya shanye hasken tun daga sama.

Robar da ta nutse a laka cikin kwata kuwa ba ta ganin rana, oksijin ba ta isa gare ta sosai, wurin kuma da sanyi, don haka aikin kusan tsayawa yake yi. Sannan fashewar kujera ba ruɓewa ba ce, domin gutsattsarin har yanzu roba ne, ƙanƙancewa kawai suke yi suna bin ruwa zuwa teku. Idan kuwa lissafin Gibbs za a bi, duk robar da ke cikin iska ba tabbatacciya ba ce, mai kiristal da marar kiristal, domin matabbatarta ita ce iskar kabon da ruwa, abin da ashana ke nunawa cikin minti ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin hukuncin ɗalibinmu, ko da ya inganta a takarda, ba ya raba wa mai sana'a komai.

Baban Zango, Agege:

Salamu alaikum. Ni tsoho ne, karatun nan ya yi mini zurfi, amma ina bi. Abu biyu nake gani kullum. Wayar wuta sabuwa tana da laushi, tsohuwa kuma bawonta yakan bushe ya karye ko da a cikin ɗaki take, rana ba ta taɓa ta ba. Sannan mata masu sayar da kunun zaƙi da zoɓo sun san cewa idan aka ɗura abu da zafinsa a gorar ruwa, gorar takan yamutse ta koma ƙarama. 'Yata Ummu Khalil, shin wannan shi ne tsufan da kika faɗa?

Ummu Khalil:

Wa alaikas salam, Baba, ranka ya daɗe. Duka biyun daban suke da shi. Bawon waya PVC ne, irin na bututun Injiniya, sai dai an zuba masa wani mai na tausasawa wanda ƙananan ƙwayoyinsa ke shiga tsakanin sarƙoƙi su buɗa musu gurbi, har Tg ya sauko daga digiri 80 zuwa ƙasa da zafin ɗaki. Man nan ba a ɗaure yake da sarƙar ba, don haka a hankali yana fita, musamman idan wayar tana ɗaukar zafi saboda an ɗora mata kaya fiye da ƙima. Yana fita Tg yana hawa, ranar da ya wuce zafin ɗaki bawon ya sandare. Irin wannan waya sauya ta ake yi, domin bawon da ya tsage yana jawo gobara.

Gorar kunu kuwa entrofi ce tsantsa. An miƙar da sarƙoƙinta a masana'anta aka sandarar da su a miƙe, alhali hanyoyin zaman sarƙa a naɗe sun ninka na zamanta a miƙe nesa ba kusa ba. Da kunun ya kai ta sama da digiri 70 sai sarƙoƙin su samu motsi su koma naɗinsu, su ja jikin gorar tare da su. Baba zai iya jin wannan da kansa: a ɗauki robar ɗaure kuɗi a ja ta da sauri a ɗora a leɓe, za a ji ɗumi, a sake ta kuma a ji sanyi. Wani Baturen Ingila, John Gough, ya bayyana wannan tun 1805.

Ɗan Akoka:

Malama, akwai abin da har yanzu bai kwanta mini ba, wato cewa Tg al'amarin lokaci ne kawai. A 1948 Walter Kauzmann ya nuna cewa idan aka sanyaya narkakken abu, wato ruwansa, ƙasa da zafin narkewarsa ba tare da ya yi kiristal ba, entrofinsa yana sauka da sauri fiye da na kiristal ɗin, kuma idan aka ci gaba da jan layin za a kai wani zafi, sama da sifilin Kelbin, wato ƙarshen sanyi, inda ruwa marar jeri zai zama daidai da kiristal a entrofi, ƙasa da nan ma ya gaza shi. Hankali ba ya ɗaukar wannan, don haka dole wani abu ya faru kafin nan. Julian Gibbs (ba Gibbs ɗin farko ba) da Edmund DiMarzio sun lissafa a 1958 cewa a polima akwai sauyin yanayi na haƙiƙa a wajen digiri 50 ƙasa da Tg, inda hanyoyin zaman sarƙoƙi ke ƙarewa. Idan haka ne, Tg da muke aunawa inuwar wannan sauyin ne, gosulon kuma yana da dalili a ilimin zafi da makamashi, ba rashin haƙurin mai gwaji ba ne kawai.

Ummu Khalil:

Ka kawo hujja mai nauyi, kuma akwai manyan masana da ke tare da kai. Abin da ya hana ni bin ka shi ne babu wanda ya taɓa auna ruwa a daidaitonsa a wannan zafin, jan layi ne daga inda aka auna zuwa inda ba a auna ba, layin kuma yana iya lanƙwasawa a hanya. A 2013 masu bincike a jami'ar Texas Tech ta Amurka sun yi dabara, suka ɗauki ƙaron itace da ya daskare tun shekaru miliyan 20 daga Jamhuriyar Dominika, wanda shi ma polima ce marar kiristal da ta yi doguwar tsufa. Nauyinsa a kowane santimita kubik ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, kuma abin da suka auna ya nuna jinkirin motsi ba ya hawa da irin tsananin da lissafin da ke hasashen tsayawa cak ya nuna.

Ɗan Akoka:

Amma a ɗaya ɓangaren, rukunin Mark Ediger a jami'ar Wisconsin sun nuna a 2007 cewa idan aka zubo ƙwayoyi daga tururi a hankali kan faranti mai zafi ƙasa kaɗan da Tg, ana samun gilashi, wato sandararren abu marar kiristal, mai ƙarancin makamashi wanda tsufa ta yau da kullum ba za ta kai ba sai bayan dubban shekaru. Wannan hanya ce ta matsawa kusa da zafin Kauzmann, ba sai an jira ba.

Ummu Khalil:

Hanya ce mai kyau, sai dai da ƙananan ƙwayoyi suka yi, doguwar sarƙa ba ta tashi tururi, kuma matsawa kusa ba isa ba ne. Philip Anderson, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks, ya rubuta a 1995 cewa yanayin gilashi da sandarewarsa wataƙila shi ne mafi zurfin matsalar da ba a warware ba a ilimin daskararrun abubuwa. Ina nan a kan cewa abin da muke aunawa a ɗakin gwaji na lokaci ne, kai kuma ka riƙe naka, ka kai wa malamanka a Akoka ka ji ta bakinsu.

Abu Yusra, Ojota:

Allah ya saka muku da alheri. Saura abu ɗaya da ke cin kuɗinmu. Masu saye suna rage farashi idan suka ga marfin gora ko ledar tambari a cikin ɓarzo. Tun da duk roba ce, kuma duk narkewa za su yi a tukunya ɗaya, me zai hana su gauraya su zama abu ɗaya yadda ruwa da zoɓo ke gauraya?

Injiniyan Ikeja:

Alhaji, a nan kam lissafin Gibbs na G = H − TS yana da amfani ga aljihunka. Abin da ke sa ƙananan ƙwayoyi gauraya shi ne ribar entrofi, domin kowace ƙwaya tana samun sabbin wuraren zama. Flory da Maurice Huggins sun nuna, kowa a nasa aikin a 1941 da 1942, cewa idan aka ɗaure tubala dubu a sarƙa ɗaya, ribar tana raguwa kusan sau dubu, tun da ba sa iya zaɓar wuri ɗaya-ɗaya. Saboda haka ƙiyayya kaɗan tsakanin tubalan robobi biyu ta isa ta raba su, kuma yawancin robobi ba sa haɗuwa ko a narke. Marfin nan polietilin ne ko polifirofilin, a cikin narkakkiyar PET yana zama ɗigo-ɗigo, sarƙoƙinsa ba su sarƙe da na PET ba, kowane ɗigo kuma wurin fara tsagewa ne, ga shi yana dusashe garau ɗin.

Raba marfi da sauƙi yake: nauyin polifirofilin wajen giram 0.90 ne a kowane santimita kubik, na polietilin mai tauri 0.95, na PET kuma daga 1.33 zuwa 1.40, don haka a kwamin ruwa marfi yana tasowa PET ta nutse. Matsalar ita ce PVC, wadda wasu ledojin tambari da ita ake yi, domin nauyinta kusan ɗaya da na PET, tare suke nutsewa. A zafin da ake narkar da PET, wajen digiri 270 zuwa 280, PVC ta riga ta fara ƙonewa tana fitar da asid na haidirokulorik, wanda ke yanka sarƙoƙin PET, ya bar baƙin ɗigo, ya kuma ci ƙarfen inji. Ka sa yaranka su cire tambarin tun gorar tana ɗungurungum, kafin ta shiga injin ɓarza. Idan kana so ka san abin da ke buhunka kafin mai saye ya faɗa maka, ka ɗebi ɗan ɓarzo ka baza a faranti ka gasa a oben wajen digiri 200, a wuri mai iska kuma kada ka shaƙi hayaƙin. PET za ta yi fari, gutsuren PVC kuma zai yi ruwan ƙasa ko baƙi, sai ka ƙirga su.